Mijin Tebur na Uku

Shekarata goma sha bakwai ina banjang, wato ni ce mai tara mutanen da ake cika wuri da su a fim. Ni nake loda su a bas a unguwar Yeouido ta Seoul da sassafe, in ce kai fasinja ne, kai majinyaci, ke kuma riƙe jakar nan ki wuce ta bayan jarumi sau ɗaya, sau ɗaya na ce, ba zarya ba. Mutanen da suka bi ta hannuna sun fi dubu, amma in aka ce in zaɓi guda, Pyo Dokbe zan ɗauka ba tare da na tsaya tunani ba.

Ba don kyau ba. Fuska gare shi wadda ba ta zama a kan mutum. Za ka gaishe shi da safe, da rana ka sake tambayarsa sunansa. A sana'armu kuwa wannan ita ce baiwa. Sauran tsofaffin nan sai su rina gashi, su riƙa leƙen kyamara ta wutsiyar ido don jikoki su gan su a talabijin, ni kuma in sha zagi a wurin darakta. Malam Pyo ko a tsakiyar hoto ka ajiye shi, idon mai kallo zamewa yake yi ya wuce.

Mutumin Gimcheon ne. Ya shigo Seoul yana ɗan shekara goma sha tara, ya koyi wankin hoto, ya buɗe ɗan shagonsa a Sillim, ya yi shekara ashirin da shida a ciki. Da wayoyi suka zo kowa ya zama mai ɗaukar hoton kansa, sai shagon ya mutu a tsaye. Bayan shekara biyu matarsa ta rasu. 'Yarsa ɗaya ce, tana aure a Ulsan, tana kiransa ranar Lahadi ta tambaye shi ko ya ci abinci. Wani maƙwabcinsa ne ya gaji da ganinsa zaune a bakin ƙofa ya jawo shi wurina.

Ya yi mini gawa sau talatin da ɗaya. Akwai ranar da ya kwanta cikin taɓo a wani fim na yaƙi, tururuwa ta shige masa kunne, bai motsa ba sai da aka ce a yanke. Abu ɗaya kawai ya taɓa roƙona a duk tsawon zamanmu.

"Banjang, in dai an samu magana, ko guda ɗaya ce. Ko 'ga canjinka' ne. Ina so 'yata ta ji muryata."

"Malam Pyo, a bi layi. Masu gashi ma ba su samu ba."

Dokokinmu ba su da yawa. Baki ya motsa, murya kada ta fito, don mai ɗaukar sauti yana jin ko haɗiyar yawu. Abincin da ke gabanka ba naka ba ne, ka kai cokali baki ka dawo da shi. Babba a cikinsu kuma ita ce: inda aka fara ganinka nan za ka dawwama. In kai mijin wata ne a kashi na ɗaya, mijinta ne kai har a gama. In kuwa ka mutu fuskarka a fili, to ka mutu, ba ka sake taka wannan fim ɗin.

A bara muka samu aikin wani fim mai kashi goma sha shida, ana nuna shi Laraba da Alhamis. Labarin wani ɗan sandan ciki ne da ya shiga cikin 'yan fasa-ƙwaurin tashar jiragen ruwa ta Incheon da sunan ƙarya, ya zama direban ogansu. Ogan saurayi ne shi ma, kyakkyawa, mai kashe mutum da safe ya ciyar da kyanwa da yamma. Su biyun duk suna son yarinya ɗaya, mai shagon romo da shinkafa a bakin tasha. Ita kuma ranar Laraba tana son direba, ranar Alhamis tana son oga. Ba laifinta ba ne. Marubuciyar ba ta rubuta kashi na gaba sai ta karanta abin da masu kallo suka faɗa a intanet, duk ɓangaren da ya fi hayaniya a makon, can zuciyar yarinyar take karkata. Takardun sukan iso mana da safen ranar ɗauka, da ɗuminsu. Wuyan hannun jarumar nan ya sha kamu, wannan ya fizgo ta nan, wancan ya fizgo ta can, har mai kwalliya ta koma shafa mata man zafi. Fasa-ƙwaurin kuwa tun kashi na biyar kowa ya manta me ake shigowa da shi.

Kusan rabin fim ɗin a shagon romon ake yinsa, shago kuma sai da masu cin abinci. A tebur na uku, daidai bayan kafaɗar jaruma, na zaunar da Malam Pyo, na ba shi mata.

Ok Gyesun sunanta, muna ce mata Madam Ok. Shekara talatin ta yi tana dafa abincin ɗalibai a wata makarantar firamare, mijinta ya daɗe da rasuwa. Ta faɗa mini gaskiya tun ranar farko cewa ba son fim ne ya kawo ta ba, surukarta ce ta mayar da ita mai raino, shi ya sa ta nemi aikin da ake fita tun kafin yara su tashi. Gajeriya ce, ba ta da yawan magana, amma in ta yi guda ɗaya takan ishe ka har yamma.

Wata huɗu suna zaune suna fuskantar juna. Da an ce a fara, sai ka ga Malam Pyo ya zama wani mutum. Baki na motsi, hannu na kwatance, ya tsame nama daga kwanonsa ya sa mata a nata, ita kuma ta gyaɗa kai, ta rufe baki tana dariyar da ba sauti. Duk wanda ya gan su zai rantse shekara arba'in suka yi tare. Da an ce a yanke, sai ya miƙe, ya rusuna mata kamar ya haɗu da shugabar banki, ya tafi bayan bas ya tsaya yana kallon taya.

Wata rana na same shi a can.

"Wai me kake ce mata ne a teburin nan?"

"Komai, Banjang."

"Komai kamar me?"

Kunnuwansa suka yi ja. "Komai dai."

"To ga ta can zaune ita kaɗai tana saƙa. Je ka faɗa mata da murya."

"Ai tana hutawa."

Haushi ya kama ni. Mutum ɗan shekara sittin da huɗu, ya iya kwanciya da tururuwa a kunne, amma ya kasa taka taku goma. Na je na tambayi Madam Ok ita me take cewa. Ta ce yadda ake haɗa kimchi take karantawa, daga wanke kabeji zuwa rufe tulu, in ta kai ƙarshe ta dawo farko.

Ana cikin haka aka turo mini Gil Yongdal. Tsohon sufeton 'yan sanda ne, na gaske, amma na kan titi, masu ba da hannu. Gashi baƙi wuluk na kwalba, murya kamar lasifikar mai tallan kifi. Na ajiye shi a tebur na huɗu, shi kaɗai da kwalbar giyar soju mai ruwan famfo a ciki. Tun ranar farko ya fara gyara wa darakta aiki: ba haka ake riƙe bindiga ba, ɗan sandan ciki ba ya soyayya a bakin aiki, da a ƙarƙashinsa yaron nan yake da tuni ya kore shi. A rana ta biyu ya gano Madam Ok. A ta uku ya zo da lemon Jeju, ya ɓare mata da hannunsa. A ta huɗu ya kawo mata 'yar jakar ɗumama hannu, ya kuma ba ta labarin yadda ya taɓa tsayar da motar wani minista.

Malam Pyo yana bayan bas yana ganin komai. Shi ma ya sayo lemo, na gani a aljihun rigarsa, ya yi kwana huɗu a ciki har ya fara laushi, daga baya ya ba direbanmu.

Sufeto Gil ya zo wurina yana murmushi. "Banjang, teburin nan nawa iska ta yi masa yawa. Ba za a yi musanya ba? Hyongnim Pyo ya dawo nan ya huta, ni in riƙe masa na ukun." Hyongnim yake ce masa, wato yaya, wai shi ƙane ne mai ladabi, don shekara uku ce tsakaninsu.

"Sufeto, matar aure ce. Tun kashi na ɗaya. Koma mazauninka."

Wannan dokar ita kaɗai ce garkuwar Malam Pyo, kuma ya sani. Muddin fim ɗin yana tafiya, kujerar da ke fuskantar Madam Ok tasa ce. Da aka sanar an ƙara kashi huɗu saboda jama'a sun kasa yanke shawara tsakanin direba da oga, kowa ya yi tsaki don gajiya, shi kuwa ya shiga banɗaki ya fito ido jawur don murna.

Sai ga takardun kashi na goma sha shida. Marubuciya ta ga lokaci ya yi da yarinya za ta san direban nan ɗan sanda ne. Ta rubuta cewa ashe ɗaya daga cikin tsofaffin da ke cin abinci a shagon kullum shi ne mai karɓar rahoton ɗan sandan. Yaran oga za su gano shi, su harbe shi a kan teburinsa, ya faɗi a hannun jaruma ya ce, "Yarinya, direban nan ba direba ba ne." Magana sukutum, fuska cike da talabijin, suna a jerin sunaye. Darakta ya ce a kawo masa na tebur na uku da na huɗu ya gwada su.

Na ruga in yi wa Malam Pyo albishir. Shekara goma sha ɗaya yana jiran wannan ranar. Fuskarsa ta haskaka, ya kama hannuna da hannu biyu, sai kuma na ga hasken yana dusashewa a hankali.

"Banjang, mutuwa zai yi?"

"Mutuwa mai kyau ma."

"Fuska a fili?"

Sai a lokacin ni ma na gane. Saura kashi huɗu, mako biyu na nunawa, kusan wata guda na ɗauka. Wanda ya mutu ya tafi gida. Wanda ya rage, shi da Madam Ok.

Sufeto Gil ya riga mu lissafawa. Muna isa muka tarar da shi a gaban darakta yana zuba yabo. "Ranka ya daɗe, ni wa? Ga gwani. Hyongnim Pyo ya mutu sau talatin da ɗaya, ni ko suma ban taɓa yi ba. In aka ba ni aka bar shi, an yi zalunci."

Malam Pyo, wanda ban taɓa jin ya yi wa darakta magana ba, ya ce, "A'a, ai Sufeto tsohon ɗan sanda ne. Shi ya san yadda 'yan sanda suke mutuwa."

"Haba hyongnim, girma naka ne."

"Ƙane ake turawa gaba."

Darakta yaro ne ɗan talatin da wani abu, kwana uku bai ga gadonsa ba, yana tsotsar ruwan saiwar ginsen mai ƙara kuzari daga leda. Ya ce su daina, kowa ya gwada.

Ban taɓa ganin abin kunya irin na ranar ba. Mutum biyu da suka iya aiki, kowa na ƙoƙarin ya fi ɗan'uwansa lalacewa. Sufeto Gil ya ƙame, ya sara, ya faɗi maganar da ƙarfi kamar yana korar motoci daga mahaɗa, sannan ya dafe ƙirjin da ba nan aka harba ba, ya zagaya sau biyu, ya faɗi, ya shure ƙafa, ya ɗago ya duba ko ana kallonsa, ya sake shurewa. Jarumar ta juya baya kafaɗunta na rawa.

Malam Pyo kuma ya zaɓi tasa hanyar. Ya sunkuyar da kai, ya ba kyamara rabin baya, ya yi magana can ƙasa-ƙasa yadda ba mai ji. "Yarinya, direban nan..." Sai ya yi shiru, wai shi ya manta sauran. Ya kalli ƙasa, ya kalli wajen tebur na uku, ya sulale ya zauna.

Darakta ya cire ledar daga bakinsa. "Wannan shi ne. Mutumin da ya shekara yana ɓoye kansa haka zai yi magana. Kuma ya mutu bai ƙarasa ba." Nan take ya kira marubuciya. Muna jin ihun murnarta ta cikin wayar, don yanzu ta samu ƙarin kashi biyu yarinya ba ta san komai ba.

Sufeto Gil ya rungume Malam Pyo. "Na taya ka murna, hyongnim." Na so in kwaɗa masa allon da ke hannuna.

Washegari da hantsi aka kashe shi. Aka ɗaura masa 'yar jakar jini a ƙarƙashin riga, ruwan sukari ne da kala. Na ja Madam Ok gefe na ce mata, "In ya faɗi ki miƙe, ki toshe baki da hannu, ki ja da baya taku biyu ki ba jaruma wuri. Ba sauti." Ta ce to. Sau bakwai aka ɗauka, sau bakwai ana canza masa riga, sau bakwai tana miƙewa ta ja da baya taku biyu, ba ƙari ba ragi. Da aka gama ma'aikata suka tafa masa, aka ba shi furanni kamar yadda ake yi wa wanda ya kammala. Ita kuwa ta wuce cikin bas ta zauna, ko abincin rana ba ta karɓa ba.

Ya zo yi mini sallama da furanninsa a hannu. "Ko kallona ba ta yi ba, Banjang."

"To me ka taɓa ce mata da za ta kalle ka?"

Ya rusuna ya tafi. Na ji ba daɗi, amma ban janye ba.

Kwana uku ya iya daurewa. A na huɗu na tarar da shi a Yeouido tun kafin bas ya iso.

"Malam Pyo, ka mutu."

"Na sani. Ba fuska, Banjang. Baya kawai. Ko ƙafa."

Na yi masifa, na ce so yake a kore ni, na ce tsufa ya fara taɓa shi. Daga ƙarshe na karɓo hular kwano mai baƙin gilashi da akwatin masu kai abinci gida-gida, na ce zai riƙa wucewa ta wajen tagar shagon, in ya kuskura ya ɗaga gilashin nan ni da kaina zan kashe shi, kisan da ba a ba da furanni.

A ranar za a ɗauki wurin da jama'a suka yi wata huɗu suna jira: direba da yarinya su kaɗai a bakin kanta, oga na tafe a hanya. Mataimakin darakta ya dubi shagon ya ce tebur na uku ya yi fayau, a haɗa ta da na tebur na huɗu. Ba sai na faɗi wanda ya raɗa masa ba. Sufeto Gil ya ɗauko kwalbarsa, ya gyara wuyan riga, ya ja kujerar Malam Pyo ya zauna. Ta taga ina ganin hular kwano tana wucewa, tana dawowa, tana rage sauri.

Madam Ok ba ta zauna ba.

"Ɗana," ta ce wa mataimakin, "yaushe aka harbe mijina?"

Ya duba takarda. "A labari, kwana uku ke nan."

"Kwana uku. Wace mace ce za a harbe mijinta a kan tebur, ta dawo bayan kwana uku ta zauna a teburin tana shan romo da wani ƙato? Ko kwana arba'in da tara na makoki ba a yi ba. Ruhinsa bai ma gama tafiya ba. A gidanku haka ake yi?"

"Uwa, ba wanda zai lura. Dishi-dishi kike fitowa."

"Ni zan lura."

Sufeto Gil ya yi gyaran murya. "Madam, ai ta'aziyya ce. A matsayina na maƙwabcin tebur..."

"Kai kuma, Sufeto, kana zaune taku uku aka harbe shi, ko tashi ba ka yi ba. Ɗan sanda."

Ta cire rigar sanyin da aka ba ta, ta ninke, ta miƙa wa mai kula da kaya, ta rusuna wa darakta, ta ɗauki jakar saƙarta. Ta san abin da take yi: ta bar aikin wata guda, ta koma hannun suruka da rainon jikoki. Darakta ya ce a rabu da ita, a matsar da kyamara, a fara. Ni kuwa na bi ta a fusace, don ni za a tsire a ofis, na riga na shirya maganganun da zan yayyafa mata.

A waje mai hular kwano yana tahowa karo na tara. Ta sha gabansa daidai tagar, ta ɗaga hannu ta ƙwanƙwasa hular sau biyu kamar ƙofa.

"Malam Pyo."

Ya yi kamar zai kauce ya wuce.

"Kafaɗar hagu ta fi ta dama sauka. Na san kai ne tun da safe."

Murya ta fito daga cikin hular, a shaƙe. "Na ɗauka ba ki damu ba, Madam. Ranar nan ko kallona ba ki yi ba."

"Da na kalle ka da na ɓata musu aiki." Ta gyara riƙon jakarta. "Na taɓa ganin miji ya faɗi a gabana da gaske, a ɗakin girki, da cokali a hannunsa. Naka na san ruwan sukari ne, a gabana aka dama. Amma sau bakwai, Malam Pyo. Kwana uku ban iya cin abinci ba. Kada ka sake yi mini haka, ko nawa za su ba ka."

Ya ajiye akwatin a ƙasa. Ya sa hannu biyu ya cire hular gaba ɗaya. Ga mamaci tsaye a tsakiyar taga, gumi da hawaye sun haɗe masa, daidai bayan kan jaruma, a ciki kuma kyamara na juyawa, direba ya kamo wuyan hannunta ke nan.

Ni da na fito in yi masifa, sai tausayinsu da farin ciki suka taru suka rufe ni. Na taka na tsaya a jikin gilashin, na buɗe allona kamar mai karanta wani abu, na tare tagar da bayana. Ba ni da tsawo, amma ina da faɗi.

"Ku yi ƙasa da murya," na ce musu. "Ku ci gaba."